Jinka Biyu a Burtali

Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, a gefen hanyar da motocin auduga suke bi. A shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai muna da makarantu har biyu, kuma babu wadda take da ƙyaure a cikinsu.

Ta farko ita ce ajin yaƙi da jahilci, wanda nake ciki. Zaure ne zagaye a bayan gidan dagaci, bangon ƙasa da jinkar ciyawa. Baƙin allonmu murfin wani tsohon akwati ne da aka shafe da gawayi da ƙaro. Mu ashirin ne da 'yan kai, duk magidanta. Malaminmu sa'an ɗana na fari ne, ya gama elemantare, yana da agogon hannu wanda ba ya tafiya, amma ba ya tashinmu sai ya duba shi. Baba yake ce mini, ni kuma ina ce masa Malam.

Ta biyu tana unguwar Maguzawa, tafiyar rabin sa'a daga gari. A can hukuma ta buɗe wurin koyon noma da garmar shanu. Ana koya wa mutum ɗaura wa shanu karkiya, da riƙon garma, da kwance ta a sake ɗaurewa, da gyaran bakinta a maƙera in ya dakushe. Su ma zaure zagaye gare su irin namu, sai dai jinkarsu ta yi baƙi da hayaƙi. Malaminsu wani gajeren mutum ne daga Zariya, kullum da gajeren wando da malafa. Babban ɗalibinsa shi ne Sarkin Noman unguwar, Bamaguje, abokina tun muna kiwon awaki. Ya girmi malamin da shekara ashirin, kuma ya fi shi sanin shanu, amma yana zuwa kullum don yana son ƙarar guduma.

Ni kuwa wannan ne ranina na uku a aji. A na farko, ranar jarrabawa jakina ya tsinke, ban same shi ba sai a kusa da Bakori. A na biyu na rubuta duk abin da aka ce daidai, sai dai na fara daga hannun dama kamar yadda na saba a allo tun ina ƙarami. Mai yi mana jarrabawa, wanda muke kira Oganeza, ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shi bai zo da madubi ba. To, doka ita ce duk wanda ya yi rani uku bai samu takardar shaida ba, a cire sunansa a ba wani wurin. Wannan karon in na rasa, shi ke nan.

Ba wani aiki nake nema da takardar ba. Amma mai ɗakina ta samu tata a ajin mata cikin rani ɗaya, ta ninke ta ta sa a cikin kwalla. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da take yi kawai, in ina zaune a tsakar gida ina haɗa baƙi, sai ta wuce ta bayana da tulu a ka, ta faɗi kalmar da na maƙale a kai, ba tare da ta tsaya ba.

Ana cikin zafin bazara, saura mako biyu jarrabawa, takarda ta zo daga ofis. Malam ya karanta mana ita sau biyu. An ce daga yanzu an haɗa ajin karatu da makarantar garma sun zama makaranta ɗaya. Oganeza zai zo ranar Alhamis ta sama, kuma lalle ya tarar da su a wuri ɗaya, in ba haka ba babu jarrabawa a bana. Takardar ba ta faɗi wane wurin ba, ba ta kuma faɗi wa zai zama babba ba.

Aka kai wa dagaci maganar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zai yi tunani. Washegari aka ce ya tafi Dandume gaida surukinsa da ba shi da lafiya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Malam ya rame cikin kwana uku. Tsoronsa kada a mayar da shi ƙarƙashin mai gajeren wando. Ana haka sai wani direba da ke ɗaukar auduga zuwa Funtua, wani lokaci har Zariya, ya tsaya a garinmu yana jiran injin motarsa ya huce. Da ya ji abin da ake ciki ya yi dariya, ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, a gabansa aka yi irinsa. Muka kewaye shi a gindin ɗorawa.

Ya ce tun zamanin Turawa akwai wata babbar kwaleji a bayan Zariya, a kan hanyarmu ɗin nan, inda ake koyar da ginin gada da awon ƙasa da zanen gidaje da aikin inji. Tana da 'yan'uwa biyu a kudu, su uku uwa ɗaya. Da aka samu mulkin kai kowane yanki ya ce jami'a yake so, sai aka raba 'yan'uwan, kowace ta bi nata yankin. Ta Zariya aka haɗa ta da wurin binciken noma da ke kusa da ita, da makarantar koyon aikin mulki, aka ce duka sun zama jami'a. Malam ya matsa kusa, ya tambaye shi a cikinsu wa ya haɗiye wani.

Direba ya ce shi dai abin da ya gani da idonsa zai faɗa. Gine-ginen suna nan yadda suke, ɗaliban su ne dai, mai gadi ma shi ne. Amma wata safiya ya wuce ya ga an cire allon sunan kwalejin daga bakin ƙofa an kafa sabo.

"Malam," ya ce, "wadda ta taso ta zo, sunanta ne a bakin ƙofa. Wadda aka tarar a zaune kuwa, allon sunanta yana bayan kicin, kaji na kwana a kai."

Malam ya jira sai da motar ta tashi. Daga nan ya tara mu a zaure, ya rage murya, ya ce ashe zama shi ne kuskure. Duk wanda ya zauna aka zo aka same shi, shi aka haɗiye. Saboda haka mu za mu tashi mu je mu same su. Ranar Talata da safe za mu ɗauki jinkarmu da allonmu da bencinanmu mu kai unguwar Maguzawa mu kafa a ƙofar makarantarsu. Ya ce kada kowa ya faɗa wa ko matarsa. Ni ban damu da wanda zai haɗiye wani ba. Na dai ga in mun isa can ranar Talata, Oganeza zai same mu wuri ɗaya ranar Alhamis. Na ce Allah ya kai mu.

A wajenmu ɗaukar jinka ba baƙon abu ba ne. In mutum ya sake ɗaki kuma jinkarsa tana da sauran ƙarfi, sai ya yi gayya, ya dama kunu. A kwance igiyoyi, maza su shiga ƙarƙashi da gammo, a ɗaga ta gaba ɗaya. Waɗanda ke ciki ba sa ganin komai sai ƙafafun juna da ƙasa, don haka mutum ɗaya yake tafiya a gaba yana faɗin dama ko hagu. Daga nesa sai ka ga kamar ɗaki ne ya yi ƙafafu ya fita yawo. Abu ɗaya ne ba a yi. Jinkar da ta bar bangonta ba ta komawa, ko taku ɗaya ba a ja da ita baya. Tsofaffi sun ce mai ita ba zai ga girbi da lafiya ba. Mu a gari muna cewa camfi ne, amma ban taɓa ganin wanda ya gwada ba.

Ranar Talata rana na fitowa muka ɗaga. Ina gefen hagu a gaba, tsakanin mai gyaran keke da wani mahauci. Malam yana gaba da allo a ka yana ba da umarni. Hanya ɗaya ce kawai jinka za ta iya bi zuwa unguwar, wato burtalin da Fulani ke bi da shanu. A tsakiyarsa akwai inda ya matse. A dama kwazazzabo ne mai zurfin mutum biyu, a hagu kuma darnin lambuna, inda na shuka rogo wata takwas da suka wuce. Rogon ya yi kyau a shekarar, har masu wucewa suna tsayawa su yaba.

Mun kusa wurin ke nan na fara jin ganga. Na ɗauka biki ake yi a unguwar. Gangar ta yi ta matsowa. Sai na ji Malam ya daina cewa dama ko hagu, ya fara cewa wani abu da ba na aji ba. Kafin mu gane ko tsayawa ake nufi, jinkarmu ta yi karo da wani abu mai taushi, tsohuwar ciyawa da toka suka zubo mana a wuya.

Na leƙa ta ƙasa. A gabana ga ƙafafu kamar arba'in sun fuskanto mu. Na gane guda biyu nan take, don babu wani mai babban yatsa irin wannan a duk ƙasar sai mutum ɗaya.

"Sarki, kai ne?"

"Ni ne, abokina. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya shanu?"

"Kalau. Ina zuwa haka da ɗaki a ka?"

"Wajenku."

Ya ce su ma wajenmu za su. Daga nan, muna tsaye ƙarƙashin jinka biyu, ba mai ganin fuskar wani, ya gaya mini cewa direban nan ya saba tsayawa a unguwarsu ya jiƙa maƙogwaro kafin ya wuce, kuma labarin da ya ba mu a gindin ɗorawa shi ya ba su a gindin tsamiya, har da kajin.

A waje malaman biyu sun riga sun fara. Kowannensu ya zaro tasa takardar daga aljihu yana karanta wa ɗan'uwansa, ga shi kuwa takardar iri ɗaya ce. Malamin garma ya ce mu ja baya zuwa inda hanya ta buɗe su wuce. Namu ya ce su ne za su ja. Sarkin Noma ya amsa daga ciki cewa su kam ba zancen komawa, don kafin su ɗaga sun zuba wa kakanninsu abin sha a bakin zauren, sun shaida musu sun tashi, ba za su koma su ce da wasa suke ba. A ɓangarenmu wani dattijo, ƙanen liman, ya ce duk wannan camfi ne da bai kamata Musulmi ya kula da shi ba. Mahauci ya ce to ya fara ja da baya mu bi shi. Dattijon ya ce ƙafarsa ta dama tana ciwo.

Wuya ya fara gaya mana gaskiya. Aka aika aka saro gwafanni, aka kafa, aka ɗora jinka biyun a kai, bakin wannan yana taɓa bakin waccan. Muka fito muna miƙa. Sai a lokacin muka ga juna, kowa fuska duk toka, aka sake gaisawa daga farko.

Ranar nan babu irin shawarar da ba a kawo ba. Mai gyaran keke ya ce a ɗaga ɗaya sama sosai ɗayar ta bi ta ƙarƙashinta. Kowa ya yarda, har an fara neman dogayen itatuwa, sai malamin garma ya tambaya wace ce za ta bi ta ƙasa. Maganar ta mutu a nan. Wani ya ce a karkata su a gicciye. Aka gwada da tamu, ta yi wata ƙara da ta sa muka mayar da ita da sauri. Muka watse da la'asar, kowane ɓangare ya bar mutum biyu suna gadi kada a ture tasu cikin kwazazzabo.

Ranar Laraba abin ya zama kallo. Masu wucewa da jakuna dole su sunkuya su bi ta ƙarƙashin makarantu biyu. Wata tsohuwa ta ga inuwa ta samu, ta kafa kaskon ƙosai a ƙarƙashin tamu. Fulani suka zo da garke, shanun suka bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya, kowace saniya ta fizgi ciyawa daga bakin jinka ta wuce tana taunawa. Tamu suka fi ci, don tasu tana warin hayaƙi.

Malam ya ce karatu ba zai tsaya ba. Ya jingina allo da gwafa, muka zauna a benci, ya sa muna maimaita wasula da ƙarfi. Malamin garma ya ga haka, shi ma ya sa aka kawo uwar maƙera, ya ce yau darasin gyaran bakin garma ne. Duk lokacin da muka ce a, sai guduma ta sauka. Muka ce e, ta sauka. Daga baya har muka saba, muna jiranta kafin mu ci gaba.

Da azahar mai ɗakina ta kawo mini fura. Ta dubi jinkar nan da shanu suka yi wa aski, ta dubi waccan, ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Gobe dai Alhamis." Ta juya ta tafi.

Na sha furar ina jingine da darnina. Na san Oganeza. Ba zai yi jarrabawa a kan hanyar shanu ba, kuma ba zai kira wannan wuri ɗaya ba, tunda kowace jinka ta sa gaba tana neman wucewa. Zai rubuta cewa bai tarar da makaranta ba, ya hau babur ɗinsa. Malam zai ci gaba da zama malam, Sarkin Noma zai ci gaba da nomansa. Ni ne kaɗai sunana zai fita daga littafi. Na daɗe ina kallon ganyen rogon nan ta saman darni. Sa'an nan na tashi na je na tsuguna kusa da Sarkin Noma.

Na tambaye shi, a abin da ya ji daga manya, an hana ja da baya, to an ce wani abu game da tafiya gefe?

Ya ajiye guduma. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin an ɗauki jinka ana tafiyar ƙaguwa da ita ba. Na ce ba gani na tambaya ba, hani na tambaya. Ya kira tsofaffinsu uku, ni ma na kira ƙanen liman. Suka koma gefe suka daɗe suna magana da hannuwa. Daga ƙarshe suka dawo suka ce an bincika, babu kakan kowa da ya taɓa faɗin komai a kan gefe.

"Amma gefen nan ai rogonka ne," in ji Sarkin Noma.

"Na sani, Sarki. Ni na shuka shi."

Saura malamai. Namu ya ce ya yarda, in dai tamu ce za ta fara shiga. Na garma ya ce shi ma haka. Na ce to a yaye darnin da faɗin jinka biyu su shiga tare. Aka sa mai ganga ya tsaya a tsakiya, duk bugu ɗaya taku ɗaya, don kada wata ta riga wata.

Ban taɓa jin ƙara mai ciwo irin ta karyewar itacen rogo a ƙarƙashin ƙafafu tamanin ba. Muna tafiya gefe, muna tuntuɓe da kunyoyi, mahauci yana taka ni yana ba ni haƙuri. Sau biyu malamin garma ya tsayar da tafiyar ya ce tamu ta wuce tasu da tafin hannu. Da muka kai tsakiyar lambun aka kafa gwafanni aka sauke. Sai wani ya ce rogon da aka tattake in an bar shi lalacewa zai yi. Nan da nan aka tono shi, aka hura wutar maƙera, aka gasa. Kowa ya ci ya ƙoshi, Musulmi da Maguzawa, kowa ya zo ya ce mini bai taɓa cin rogo mai gari irin wannan ba. Na ce madalla.

Ranar Alhamis Oganeza bai iso ba sai da hantsi ya yi sosai. Ashe ya fara zuwa bayan gidan dagaci ya tarar da bango ba jinka, awaki a ciki. Ya zagaya ta hanyar mota zuwa unguwar Maguzawa ya tarar da wani bangon, shi ma haka. Tsohuwar nan mai ƙosai ce ta nuna masa mu. Ya sauka daga babur fuska a murtuke, da farar riga da farar hula sabuwa. Ya zagaya jinka biyun, ya ga sun taɓa juna, ya ce to, wannan wuri ɗaya ne. Malaman suka matso tare suna tambayar wanda zai zama babba. Ya ce za a turo babba daga Katsina, su biyun mataimaka ne. Daga ranar suka fara shiri da juna.

Sai ya buɗe jaka ya fito da littafi ɗaya. Ya ce tunda makaranta ɗaya ce, jarrabawa ma ɗaya ce: kowa zai yi karatu da rubutu, kowa kuma zai ja layi ɗaya da garma. Ni ban taɓa riƙe garmar shanu ba, da fartanya da garmar hannu na tashi.

Aka fara da karatu. Na ɗaura zare a babban yatsana na hagu don in tuna inda ake farawa. Aka ba ni shafi a kan amfanin tace ruwan sha, na karanta shi a hankali har ƙarshe, sau ɗaya kawai na tsaya. Da aka zo kan Sarkin Noma ya karɓi takardar da hannu biyu, ya dube ta da kyau, ya nuna wani harafi ya ce wannan ya san shi, irin zoben da ake sa wa sa a hanci ne. Sauran kuwa ya ce ba su taɓa haɗuwa ba. Oganeza ya rubuta wani abu.

Aka ɗaura wa shanu biyu karkiya. Wurin gwaji, ba sai an faɗa ba, shi ne sauran rogona da ya tsira jiya. An yi ruwan farko a makon, ƙasa ta yi laushi. Maguzawa suka ja nasu layukan kamar an sa zare. Namu mutanen kowa ya yi abin da Allah ya hore masa. Da aka kira ni, Sarkin Noma ya raka ni har bayan shanun yana raɗa mini cewa kada in dubi garma, kada in dubi shanu. In zaɓi abu ɗaya a can gaba in kafa masa ido, in nufe shi, hannuna zai bi da kansa.

Na ɗaga kai. Abin da ya fi komai haske a ƙarshen lambun shi ne hular Oganeza. Na kafa mata ido na ce bismillah.

Da farko abin ya tafi daidai, har na ji Sarkin Noma yana cewa haka ne, haka ne. Da muka matso, Oganeza ya ɗan matsa dama don ya ba mu hanya. Ni an ce kada in ɗauke ido, sai hannuna ya bi, shanu suka bi. Ya ƙara matsawa, muka ƙara. Ya fara tafiya da sauri. Ina jin mutane suna kira, amma ga nauyin garma, ga numfashin shanu, ga tsoron faɗuwa, ban ji abin da suke cewa ba. Ya tattare riga ya bi ta bayan jinkar garma, muka bi shi. Ya ɓullo ta gaban tamu, muna nan. Sai da muka zagaye makarantar gaba ɗaya muka dawo inda muka fara, sa'an nan ya faɗa ciki ya haye benci, Sarkin Noma kuma ya riƙe igiyar shanun.

Ba wanda ya yi dariya, sai mahauci da ya shige bayan darni. Oganeza yana haki a kan benci. Na saki garma na tsaya, na san rani uku sun tafi tare da rogo.

Malamin garma ne ya fara magana. Ya cire malafa ya ce, ranka ya daɗe, wannan ai darasi ne na ƙarshe a tsarinsu, wato zagaye gini da kwalbati don ruwan damina kada ya shiga, ga shi kuwa bakin layin ya haɗu daidai. Malaminmu, wanda jiya ba ya ko kallonsa, ya ce ƙwarai, shi ma ya ga wannan a littafi. Sarkin Noma ya ce shi shekararsa nawa yana noma bai taɓa iya da'ira mai kyau haka ba.

Oganeza ya sauko daga benci, ya gyara hula, ya dube ni.

"Baba, kwalbati ka yi niyyar yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Hularka nake bi."

Na ji Malam ya yi wani nishi a bayana. Oganeza ya yago takarda daga bayan littafinsa, ya miƙo mini da fensir, ya ce har yanzu ban yi rubutu ba. In zauna in rubuta masa abin da ya faru, da hannuna, kada kowa ya matso.

Na zauna a bencin da ya sauka daga kai. Na dubi zaren yatsana, na fara daga hagu. Na daɗe, don ban so in yi kuskure ko ɗaya, shi kuma bai hanzarta ni ba. Abin da na rubuta shi ne: Yau Alhamis na bi hular Oganeza da shanu biyu. Ba da gangan ba ne. An ce in dubi abu ɗaya. Allah ya ba shi haƙuri.

Ya karanta a zuci, ya sake karantawa a fili kowa ya ji. A karo na biyu muryarsa ta fara rawa, ya kai wajen shanu biyu ya kasa ci gaba, ya zauna ya rufe fuska da takardar, kafaɗunsa suna motsi. Daga nan kowa ya samu izini, har shanun sai da suka firgita. Da ya dawo hayyacinsa ya ce shekararsa shida yana wannan aiki, ba a taɓa kora shi da garma ba, ba a kuma taɓa ba shi haƙuri a rubuce babu kuskure ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya sa alamar cin jarrabawa a gaban sunana.

Makarantar ta yi rani huɗu a lambuna kafin a gina mai kwano a bakin hanya. Mutane suna kiranta jami'a, da wasa da farko, daga baya ba wasa. Babban da aka ce za a turo daga Katsina bai taɓa zuwa ba. Kwalbatin kuwa ya yi aiki, ruwa bai shiga ba ko sau ɗaya.

Takardar shaidata ta iso bayan an yi noman farko. Na kai ta gindin ɗorawa na karanta da kaina, daga azahar har kusan la'asar. An rubuta cewa mai wannan takarda ya iya karatu da rubutu, kuma ya ƙware a noma da garmar shanu. Na yi tunanin in mayar a gyara, sai na ga tafiyar da nisa.

Har yau ba ni da sa ko ɗaya. Amma duk wanda ya sayi garma a ƙauyen nan sai ya zo neman shawarata, tunda abin a rubuce yake. Nakan ba shi tabarma ya zauna, in ce masa ya zaɓi abu ɗaya a gaba ya kafa masa ido, amma ya fara tabbatarwa abin ba ya tafiya.